Ƙwallon Shailen Tandon Ba Ya Faɗawa Sunƙuru

Har yau hotonsa yana nan rataye a zauren kulob ɗinmu na Imli Bagh, tsakanin agogon da ya daina tafiya da kan barewar nan da asu ya gama da shi. Shailen Tandon ke nan yana da shekara ashirin da ɗaya, ya rungume kofin gasar kwalejoji, ya ɗaga haɓa sama sai ka ce ƙasa wari take yi masa. In ka matsa kusa, can gefen hagu za ka ga wata ƙafa ba takalmi, mai hoto ya yanke sauran jikin. Ƙafata ce. Da gaskiya ake bi wajen raba kofi ita za a miƙa wa, amma wa ya taɓa ganin an kira ƙafa gaban jama'a an tafa mata?

Sunana Zahur, aikina agewala, wato na-gaba. Golf dai ba wani abin a-zo-a-gani ba ne: manya su yi ta bugun ɗan farin ƙwallo da sanda har ya shige rami, su bi rami goma sha takwas a haka, wanda ya fi ƙarancin bugu ya ci. Mutum ɗaya yana bin sahab, wato maigidan da ke wasan, a baya da jakar sanduna. Ni kuwa gaba nake wucewa, in tsaya can nesa inda ƙwallon zai sauka, in ga inda ya faɗa, in kafa masa 'yar jar tuta. Iyakar abin da aka rubuta ke nan. Wanda ba a rubuta ba shi ne, in ƙwallon ya gangara cikin sunƙuru ko ya maƙale a gindin bishiya, na-gaba yakan je kusa yana 'yan waige-waige kamar mai nema, ya cafe shi tsakanin babban yatsan ƙafa da na kusa da shi, ya yi taku biyu, ya sake shi a kan lallausar ciyawa. Ba sunkuyo, ba sa hannu. Kakanninmu sun yi wa Turawa, iyayenmu sun yi wa hafsoshin soja, mu kuma muka yi wa masu masana'antar sukari. Sahab ɗin da ƙwallonsa ya zauna daidai yakan koma gida da fara'a, hannunsa kuma a sake. Ba wanda zai ce ka yi, ba kuma wanda zai ce ya gode.

Ramdin ne ya koya mini. Ya girme ni da shekara goma sha biyar, siriri, ba ya son magana. Da 'ya'yan tsamiya muka fara a bayan rumfar ma'aikata, sai da na iya ɗaukar guda ina hira da mutum bai lura ba, sannan ya ba ni ƙwallo. Daga baya na fi shi, shi da kansa ya faɗa.

Uban Shailen, babban Tandon Sahab, shi ne mai masana'antar sukarin da ke bayan tashar jirgi, kuma ya yi shekara ashirin da shida yana sakataren kulob. Ya kawo yaron fili yana ɗan shekara tara. A rami na uku ƙwallon ya shiga ciyawa. Yaro ya sara sau huɗu, ƙwallo ko gezau, sai ya yi wurgi da sanda ya zauna a ƙasa ya ɓare baki. Uban bai ko waiwaye shi ba. Ni ya kalla, ya kalli ƙafata, sannan ya ɗaga kai ya shiga kallon sama kamar mai duba hadari, a watan da ko makaho ya san ba ruwa. Na gane karatun. Daga ranar ƙwallon Ƙaramin Sahab bai sake zama a sunƙuru ba.

In ba shi haƙƙinsa, yana da kyan bugu. In ƙwallo yana zaune tsaf a kan ciyawar da aka aske, ya ja sandar nan baya ya sako ta, wallahi sai ka so a sake ka gani. Matan hafsoshi har ajiye shayi suke yi su leƙo. Amma rabin wasan nan a mugun wuri ake yinsa, shi kuwa bai taɓa ganin mugun wuri ba sai daga nesa.

Aka tura shi kwaleji a Lakhnau, wai karatun kasuwanci. Littattafan na gan su, ni na ɗauko su daga tasha bayan shekara uku, wasu ko ledarsu ba a cire ba. Gasar kwalejoji a kulob-kulob irin namu ake yinta, kowane ɗan gata da na-gabansa, don haka duk inda za shi uban yakan saka ni a jirgin ƙasa in bi shi. Sauran yaran ma ana yi musu, ba na musu, amma ƙafafun banza ne, masu ture ƙwallo da gefen ƙafa su bar sawu. Shekara uku a jere yana ɗauke kofin. Wani ɗan jarida ya rubuta cewa ƙwallon Shailen Tandon ido gare shi, ya san inda zai sauka. Ina tsugune a bayan tanti ina cin gurasar roti da albasa na ji yana ba mutumin amsa.

"Ni ban yarda da sa'a ba," in ji shi. "Horo ne kawai. Wanda ƙwallonsa ke yawan faɗawa daji, ya binciki kansa."

Saura kaɗan albasar ta sarƙe ni.

Akwai babbar gasa ta ƙasa baki ɗaya, wadda ake zuba alƙalan wasa a kowane lungu. Shekara biyu yana sa sunansa, shekara biyu zazzaɓi yana kama shi a daidai makon. A lokacin na ɗauka zazzaɓin gaske ne, don ni ma ban cika wayo ba.

Da ya gama kwaleji ya ce shi zai zama ƙwararre, zai shiga zagayen gasar masu wasa don kuɗi. Aka yi liyafa a kulob, aka soya samosa har ma'aikata suka samu. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Na tari uban a wajen mota.

"Sahab, can fa ba a yarda da na-gaba ba. Igiya ake ja, alƙalai ne ke tsayawa."

"To sai me?"

"Ba komai, Sahab. Na ce dai in faɗa."

"Zahur, kai dai ka ɗauki jaka. Yaron nan a jininsa abin yake."

Ya faɗi haka yana kallona ido cikin ido, mutumin da ya kalli sama shekara goma sha uku da suka wuce. Ya riga ya manta, ko kuwa ya ga mantawar ta fi masa sauƙi.

Sai ga ni a Kolkata, cikin takalmi, da jaka a kafaɗa, ina bin Shailen a baya, mu isa wurin ƙwallo tare. A rami na biyu ƙwallon ya kauce dama. Muka tarar da shi ya nutse cikin ciyawa, sai ɗan farinsa kawai kake hangowa. Shailen ya tsaya a kansa ya riƙe ƙugu.

"Chacha, wannan wace irin ciyawa ce?"

Chacha yake ce mini, ƙanin uba, irin kiran da 'ya'yan manya ke yi wa tsohon ma'aikaci don a ce suna da tarbiyya.

"Ciyawa ce, Sahab. Irin tamu ce ta gida."

"Ba irin tamu ba ce. A gida ƙwallo ba ya nutsewa haka."

Na miƙa masa sanda. Bugu uku ya yi kafin ya fito.

A gasar nan kwana huɗu ake yi, amma bayan kwana biyu ake tankaɗe da rairaya, a sallami rabin mutane gida hannu rabbana. Shekara huɗu muka yi muna yawo, Pune, Delhi, Chandigarh, Jamshedpur, sau uku kacal muka ga kwana na uku. Na san tashoshin jirgin ƙasar nan a ranar Juma'a da yamma fiye da yadda na san tsakar gidana. Laifin kuwa ba ya ƙarewa. Yau iska ce, gobe ƙotar sanda, jibi abincin masauki. Ya canza sanduna sau biyar. Uwarsa ta kai shi wurin mai duba taurari aka ba shi zobe mai koren dutse, aka ce Laraba ce ranarsa, gasa kuwa Alhamis ake farawa. Abu ɗaya ne bai taɓa yi ba: ya ɗebi ƙwallaye ya zuba cikin sunƙuru ya koyi fitar da su. Na taɓa ba shi shawarar haka, ya ce zai ɓata masa salon bugu.

Waɗanda ke cinye shi kuwa yawancinsu 'ya'yan rumfa ne irina, tsofaffin masu ɗaukar jaka, waɗanda suka koyi wasa da lanƙwasasshiyar sanda ɗaya a ranar Litinin da aka rufe fili, kuma a cikin daji suka koya don ba a barinsu su taka wuri mai kyau. A shekararmu ta ƙarshe har Girdhari, ɗan Ramdin, ya shigo zagayen. A benci yake kwana a tasha, da sanduna na aro. Shailen bai taɓa amsa gaisuwarsa da baki ba, sai da haɓa. A Jamshedpur Girdhari ya ba shi ratar bugu goma sha ɗaya a kwana biyu, ya zo ya taɓa gwiwata ya gaishe ni, ya wuce.

Daga nan Shailen ya ce bayansa ke ciwo. Muka dawo gida.

A daidai lokacin tsohon malamin wasa na kulob ya rasu, kuma ba sai na faɗa muku wanda kwamiti ya ga ya fi cancanta ba, tunda sakatare ubansa ne. Aka ba shi ɗan ofis kusa da wurin horo, da gida a bayan rami na tara, da allo mai sunansa da ruwan zinariya. Shekara goma sha huɗu ya yi a kujerar nan. Koyarwarsa a ƙarƙashin laima yake yinta, da baƙin gilashi, ya harɗe ƙafa, yana jefa wa matan likitoci kalmomin Turanci. Kowane sabon ɗalibi sai ya sha labarin ranar da ya yi wasa rukuni ɗaya da zakaran ƙasa. Ba ya faɗin cewa zakaran bai san sunansa ba har aka tashi. In ɗalibi ya ce, "Malam, in ƙwallo ya shiga ciyawa fa?" sai ya ce, "Wanda na koyar ba ya shiga ciyawa." Ya sayar musu da safar hannu da hula, ya yi ƙiba, ya auri 'yar wani mai sayar da taraktoci. Ranar Lahadi kawai yake wasa, da abokan ubansa, ni kuma ina gaba ba takalmi. Ya koma cin kowa. Har ya fara cewa da ba don baya ba, da yanzu ana jin sunansa a ƙasashen waje.

Ni kuwa duk tsawon shekarun nan kallon wawa nake yi masa, kuma wawa ana tausaya masa. Nakan ce a raina, bawan Allah bai sani ba, mu muka rufe masa ido tun yana ƙarami. Da wannan tunanin nake samun barci.

Sai babban Tandon Sahab ya mutu. Aka naɗa sabon sakatare, Kanar Negi, tsohon soja ɗan kan dutse, gajere, mai tafiya kamar ana buga masa ganga. A makonsa na farko ya tambayi mutum nawa malamin kulob ya taɓa fitarwa suka zama wani abu. Aka duba, babu ko ɗaya. Shailen ya ji labari, ya san kujerarsa ta fara rawa, ya shiga neman abin da zai nuna.

Ramdin ne ya ba shi. Tsufa ya kama shi, ƙafar ta yi nauyi. Wata Asabar yana yi wa wani likita aikin na-gaba, ya cafi ƙwallo a bakin kwata, ya kuɓuce masa ya gangara a fili, a idon wani baƙo daga Delhi. Baƙon ya kai ƙara. Abin da aka saba, a tura mutum gida mako guda a ce an hukunta shi. Amma Shailen ya sa aka tara mu duka, mu arba'in da wani abu, a gaban rumfa, da rana tsaka, ya gayyato Kanar ya tsaya a gefensa. Ya yi mana huɗuba a kan mutunci. Ya ce golf wasan masu gaskiya ne, ya ce shi ya zaga ƙasar nan ya ga yadda ake yi, ya ce irinmu ne ke zubar da sunan kulob. Sannan ya miƙa hannu.

"Ramdin, kawo lambarka."

Lambar tagulla ce da kowannenmu ke ratayawa a wuya, ita ce izinin shiga fili. Ta Ramdin ta yi shekara arba'in da shida a ƙirjinsa, har rubutun ya shafe. Ya ciro ta a hankali, igiyar ta maƙale a kunnensa, ya sa hannu biyu ya zare. Bai roƙa ba. Ya dai dubi Shailen ya ce, "Sahab, ni na riƙe maka laima ranar da aka fara kawo ka." Shailen ya ce wannan ba ya cikin maganar.

Kashegari aka manna takarda a ƙofar rumfa, da sa hannunsa: daga yau duk na-gaba sai da takalmin kambas, ɗaure da igiya, wanda aka gani ba takalmi ya bar aiki. Kulob ya sayo mana, farare, masu tauri kamar ƙwarya. Kanar ya yaba masa ƙwarai.

Na sami Shailen a ofis da yamma yana goge gilashinsa.

"Sahab, maganar takalmin nan, da ka sake dubawa."

"Me zan duba?"

"Wasu ƙwallayen sun saba da ƙafa."

Ya daina gugar. Ya ce, "Wannan matsalar masu su ce, Chacha. Ni dai ban taɓa buƙatar ƙafar kowa ba."

Na dube shi da kyau, ban ga ko ɗar a fuskarsa ba. Na fita ina cewa lallai wannan wautarsa ta kai inda ba a dawowa. Bayansa kuwa ya tashi a wannan makon, ya daina wasan Lahadi.

Bayan wata biyu sai ga Girdhari. Ya yi shekara goma sha biyar a zagaye, bai yi arziki ba amma ya ci gasa biyu, ya gina wa uwarsa ɗaki. Bai zo da faɗa ba. Ya sa farar riga, ya shiga ofishin sakatare ta ƙofar gaba, ya ajiye takardar neman aikin malamin kulob. 'Yan kwamiti suka rabu biyu, tsofaffin abokan Tandon da sababbi. Kanar ya gaji da surutu, ya ce shi soja ne, bai iya doguwar muhawara ba: su fita fili ranar Lahadi, rami goma sha takwas, a ƙirga rami-rami, wanda ya fi cin ramuka shi ne malami. Ofis, gida, allo, duka.

Shailen ya kawo maganar baya. Kanar ya ce malamin da ba ya iya wasa saboda baya, ai ya riga ya ba da amsa. Dole ya yarda.

"Kai za ka yi mini gaba, Chacha," in ji shi ranar Asabar.

"Da kambas, Sahab."

"Eh mana, da me?"

Watan zafi ne, ciyawa duk ta bushe ta kwanta, sunƙurun ma ya zama fili, wannan ya taimake shi. Kuma tsoro ya sa ya yi wasan da ban taɓa ganin ya yi ba. Yana buga ƙwallo a miƙe, tsakiyar fili, rami bayan rami. Ya ci uku, Girdhari ya ci uku, sauran suka raba. Mambobi kusan sittin suna biye da su da laimomi. Da aka gama rami na goma sha shida kunnen doki suke. Ba zan ɓoye ba, ni kaina na fara cewa ko dai na zalunce shi a zuciyata.

Rami na goma sha bakwai akwai tudu a tsakiyarsa, daga wurin bugu ba a ganin abin da ke bayansa. Daga dama kuma wata tsohuwar tsamiya ce, wadda saiwoyinta suka fito sarari suka bazu. Girdhari ya buga, ƙwallonsa ya bi hagu, na-gabansa ya bi shi can nesa. Shailen ya buga. Tun daga ƙarar na san ƙwallon ya kauce. Ya daki ƙasa, ya yi tsalle biyu, ya gangara ya shige tsakanin saiwa biyu ya zauna daram.

Ni kaɗai ne a wurin. Daga wurin bugu zuwa kan tudu tafiyar minti uku ce ga mai sauri. Taku ɗaya daga saiwar akwai wani ɗan wuri mai laushi, a share, da hanya a buɗe har rami. Da kambas ba abin da za ka iya, ƙwallon da ke cikin saiwa ɗaga shi ake yi, ba a ture shi. Amma igiyar takalmi ba ta ɗaukar minti uku. Na durƙusa, har na kama bakin igiyar. Shekara talatin da ɗaya jikina ya saba, ba ya ma tambayata. Sai lambar wuyana ta zamo daga cikin riga ta yi lilo a gabana. Na tsaya ina kallonta. Na mayar da ita ciki, na ƙara ɗaure igiyar, na miƙe na kafa tuta.

Shailen ne ya fara hawowa tudun. Ya baro kowa a baya, yana sauri har da ɗan gudu, mai ciwon baya. Ya nufo tsamiyar kai tsaye, amma ba gindinta ya dosa ba. Wurin nan mai laushi ya je ya tsaya yana dubawa. Da bai ga komai ba, sai ya juyo ya ga tutar a cikin saiwa.

Ya kalli ƙwallon. Ya kalle ni. Ya kalli ƙafata. Sannan ya ɗaga kai ya shiga kallon sama, sak ubansa, har yadda yake karkata wuya. Ya ba ni lokaci. Na ji muryoyin mutane suna matsowa bayan tudu. Da ya sauke kai ya ga ƙwallon bai motsa ba, sai ya matso kusa, murya ƙasa-ƙasa.

"Chacha, me kake jira? Kullum ai kafin in iso ka gama."

Kullum.  Ashe ya sani. Ya sani a kwaleji, ya sani ranar da ya yi wa ɗan jarida huɗubar horo, ya san abin da ke kawo masa zazzaɓi. Ya sani ranar da ya miƙa hannu ya karɓi lambar Ramdin a gaban mutum arba'in. Ni da nake tausayin wawa, ashe ni ne wawan.

"Kambas ne, Sahab," na ce. "Kai ka sayo mana."

Kanar ya ɓullo kan tudu, jama'a na biye. Girdhari ya tako ya leƙa, ya girgiza kai.

"Sahab, wannan ba ya buguwa. Ka ɗauki hukuncin bugu ɗaya ka fito da shi gefe, doka ta yarda. Ko ni haka zan yi."

Gaskiya ya faɗa masa, kuma da ya ji da wataƙila an raba ramin. Amma a ce ɗan Ramdin ne zai koya masa doka a gaban matan likitoci? Ya fizgi sanda daga jaka. Bugun farko saiwar ya sara, ƙwallon ya yi tsalle ya koma baya ya ƙara shigewa. Na biyu sandar ta lanƙwashe, ya saki ya riƙe wuyan hannu. Ba wanda ya yi dariya, da ma an yi da ya fi sauƙi. Ya rasa ramin. A na ƙarshe ya aika ƙwallo cikin tafki, ya cire hula ya miƙa wa Girdhari yatsu biyu a madadin musabaha ya wuce mota.

Ya kwashe kayansa daga gidan rami na tara kafin ƙarshen wata. Bai yi mini sallama ba, ni ma ban je taya shi ɗaurin kaya ba. Matarsa ta gaya wa mutane cewa tsohon ma'aikacin gidansu ne ya ci amanarsu. Na yarda na ci amanarsa, amma ba a gindin tsamiya ba. A rami na uku na ci ta, yana ɗan shekara tara, da ban bar shi ya gama kukansa ya tashi ya sake sara ba. Wannan nawa ne, ina ɗauke da shi. Alhakin Ramdin kuwa na Shailen ne shi kaɗai.

Girdhari ya kai wa ubansa lambar har gida. Tsohon ya juya ta a hannu, ya ce ƙafarsa ta huta, ya ɗaura wa akuyarsa a wuya. Takardar takalmi kuma tana nan a ƙofar rumfa, sabon malami bai cire ba. Na yi masa magana sau ɗaya, don kambas ɗin yana cin diddigena. Ya ce, "Ya yi maka kyau, Chacha, bar shi." Yanzu duk ɗalibin da ya zo wurinsa, makon farko a cikin sunƙuru yake yinsa.

Bara direban wani mamba ya ga Shailen a wajen Delhi. Wai wani dogon gini ne kusa da kantuna, hawa uku, an kewaye shi da raga, ma'aikatan banki suna zuwa bayan an tashi aiki su yi ta bugun ƙwallo cikin ragar. Yana hawa na uku da baƙin gilashinsa yana koyarwa, kuma wai har yanzu in ya ja sanda mutane suna tsayawa kallo. Na tambayi direban wace irin ciyawa ce a wurin. Ya ce babu ciyawa, tabarmar roba ce, inji ne ke turo ƙwallo ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya zo ya zauna daidai a gabansa.